Shirun Malam Ilu Masaƙi

Har gobe ranar nan ba ta fita daga raina ba. A 1955 ne, ina sabon tafinta a ofishin ƙwadago, aikina in bi Baturen da ke duba ma'aikata in juya masa magana.

Doka ta hana wanda bai kai shekara sha shida ba aiki kusa da inji. A wani kamfanin da ke ɗaure fatu yana turawa Ingila muka tarar da wani saurayi, Habu, ɗan tsamurmuri, ba gemu ba gashin baki. Ya ce ya haura sha bakwai. To, wa ke da takardar haihuwa a lokacin? Ka'ida ita ce a nemi shaidar uba, sai muka nufi gidansu a unguwar Sheshe.

Uban, Malam Ilu, masaƙi ne, amma tun da yadin kanti ya cika kasuwa saƙarsa ta daina ciyar da gida. Aikin Habu ke riƙe da su. Bature ya tambayi uban ko Habu ɗansa ne, kuma yaushe aka haife shi. Malam Ilu ya sunkuyar da kai. Aka sake tambaya, ya ce, "Allah ne masani."

Nan take na gane. Habu ɗan fari ne, kuma dattijo irinsa ko sunan ɗan fari ba ya kamawa, balle ya zauna gaban baƙi yana lissafa shekarunsa. Da an tambayi gwaggon Habu, da ta zayyana komai. Amma ni, da sabon wandona na kaki da tsoron a ce na cika baki, abin da ya faɗa kawai na juya. Bature ya ɗauka uban na gudun yin ƙarya ne, ya sa hannu a sallami Habu.

Muna fita daga zaure Malam Ilu ya biyo ni, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, wancan da kuke magana, shekarar da azumi ya zo ana girbin dawa ne."

Na ƙirga, sha takwas ba kaɗan. Na gaya wa Bature, ya ce takarda ta riga ta wuce. Kafin sati an ba wani gurbin, Habu kuma ya bi jirgin ƙasa zuwa Kudu neman dako. Ban sake ganinsa ba.

Dokar ba ta da laifi, don kare yara aka yi ta. Laifin nawa ne, kuma har yau yana ci na. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, idan mutum ya yi shiru a gabanku, ku bincika dalili kafin a sa hannu.