Littafin Jan Biro Yana Shagon Tela

Tela tana kafa hannun riga wayarta ta yi ƙara. Hoto aka turo daga ofishin da ke saman shagonta: fuskar aminiyarta, wadda kowa ke kira Jan Biro, an zagaye ta da baƙin layi da furanni, zane tsaf. A ƙasa, inda ya kamata a ce ta rasu, an rubuta: "Rubutu zai shiga nan." Haka ta samu labarin mutuwar ƙawarta ta shekara ashirin.

Kukan sai daga baya ya zo. Takalmi ta zura ta hau bene, ba ta ma san almakashi na hannunta ba.

Jan Biro ce ke rubuta 'yan kalmomin manhajar ofishin, wadda ake kama layin ganin likita da ita: abin da mutum zai danna, da abin da waya za ta ce masa in ya yi kuskure. Shekara tara faɗanta ɗaya da masu zane. Su gama zanensu, su bar mata wuri kamar kafar allura, ranar sakin aiki su ce ta cika. Ita kuwa ta kafe: a zauna da ita tun ranar farko, a san me za a gaya wa mutum, sannan a zana masa wuri. Kuma kalma ba ta shiga sai an karanta wa wanda ba ɗan ofis ba.

Wannan mutumin Tela ce, da ajinta shida na firamare. Kullum da rana Jan Biro za ta sauko, ta ture yadudduka ta zauna kan teburin yanka.

"Saurara, 'yar uwa: An samu matsala wajen tantance bayananka."

"Wace matsala? Ni na yi ko su?"

Sai Jan Biro ta yi dariya ta soke, ta rubuta: "Lambar wayar ba ta cika ba. Duba ka sake." Mace ce mai tsiwa, ba ta iya ban haƙuri ba, amma ba ta taɓa sa Tela ta ji kunyar cewa ba ta gane ba.

Yau da Tela ta faɗa ofishin, shugaban masu zane na ganin almakashin ya miƙe. Ta nuna masa hoton a wayarta.

"Wa ya tura wannan?"

"Kuskure ne, Malama, an riga an goge."

"Ka goge a wayar uwarta? Jikarta ce ta karanta wa tsohuwa, kalma kalma!"

"Ai da ma ita ke cike mana wurin."

"Na sani. Mutuwarta ma jira kuka yi ta taso ta rubuta muku."

Shi kuwa, don rashin ta ido, ya gyara murya ya ce an ce littafin Jan Biro na wurin Tela, wanda ta tsara yadda ake aikin daki-daki a ciki. Za su saki sabon aiki, ba wanda ya san ta inda take farawa. Kayan ofis ne.

"Kayan ofis? Da bakinka kake ce masa littafin fitina."

Ta juya ta sauko. Sau biyu ya aiko mai gadi, sau biyu ya koma hannu rabbana. Matakala goma sha bakwai ce tsakaninsu, har yau bai taka ba, littafin ma bai hau ba.

Da ma ranar Laraba kafin ta rasu, a asibiti, Jan Biro ta zaro shi daga ƙarƙashin matashi, ta danƙa wa Tela.

"Kar ki ba shugaban masu zane sai ya sauko da ƙafarsa, ya zauna inda nake zama, ya karanta miki aikinsa da baki."

"In na ce ban gane ba fa?"

"Ya soke ya sake."

"In ya ƙi saukowa?"

"To ki riƙa ɗora dutsen guga a kai, 'yar uwa. Bangonsa da kauri."