Kawu Arzika da Saniyar Dikko

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Arzika a Tabla ya san turken nan na tsakar gida, kusa da rumbu. Turke ne na ƙirya, da igiya ɗaure a jikinsa, amma ko akuya babu a kai. Kullum in Kawu ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗauki tsintsiya da kansa, namiji da gemunsa, ya share gindin turken tas, ya gyara igiyar, sannan ya amsa gaisuwar mutane. In baƙo ya tambaya ina dabbar take, sai ya ce, "Tana tahe." Kai, jama'a! Shekara da shekaru tana tafe.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na koma gidansa da ƙarfina bayan rasuwar mahaifina, muna noma gandu ɗaya, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Farkon maganar ne kaɗai na ji daga bakin matarsa, Inna Kulu, don lokacin ba a haife ni ba.

Kawu yana da amini Bafillace, sunansa Dikko. Kowane rani shanun Dikko a gonar Kawu suke kwana, su bar masa taki, su sha a rijiyarsa. Wata shekara hatsi ya yi ƙaranci, Inna Kulu tana goyo, nononta ya ƙafe. Sai ga Dikko ya jawo wata jar saniya mai tatsa, ƙahonta na hagu ya lanƙwasa ƙasa, ya ɗaure ta a turken nan da hannunsa. Irin aron nan ne da Fulani ke kira habbanaye: ka riƙe saniya ka sha nono har ta haihu uku, 'ya'yan naka, uwar ta koma wa mai ita. To, ba ta shekara ba sojojin Nasara suka bi ta nan, lokacin da suke shigowa ƙasar Kurfai. Suka tattara shanun da suka gani don nama, ba wanda ya tambayi ta wa ce. Jar saniya ta tafi har da ɗan maraƙinta.

Kawu ya je ruga yana hawaye. Dikko ya kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, share idonka. Saniyar habbanaye in ta mutu ko anka ƙwace ta, ba a biya. Haka munka gada."

Kawu ya ce, "Ku kunka gada. Ni na ga ranar da ka ɗaure ta, ban ga ranar da ka kwance ta ba."

Daga ranar nan gidan Kawu ya shiga uku. Ya ɗauri aniya sai ya sayi wata saniya ya biya, don kada ya mutu da dabbar mutum a wuyansa. Yana tufka igiyar kaba da rani ya sayar, kuɗin ya zama kaza, kaji su zama akuya, awakin kuma su ne za su zama saniya. Kuma duk abin da za a saya a gida, da jikin saniyar yake auna shi. In Inna Kulu ta ce man shanu ya ƙare, sai ya ce, "Kunnen saniyar Dikko kike so ki zuba ma miya?" In ta nemi sabon zane, sai ya dafe kai: "Cinya guda, Kulu! Cinya guda za ki ɗaura ki tahi buki?" In kasuwa ta yi kyau kuwa, ya dawo yana murmushi, ya ce, "An samu kai da wuya. Saura gangar jiki."

Maganar gishiri kuwa, ku da kuka ci tuwon gidan kun tuna. Guntun kantu ne ya ɗaure da zare, ya rataye a ɗakinsa. In miya ta tafasa sai Inna Kulu ta kira shi, ya zo ya tsoma gishirin a tukunya, ya ce bismillahi sau ɗaya, ya fizge. Bismillar Kawu kuwa ko ƙiftawar ido ta fi ta tsawo. Rannan Inna Kulu ta ce, "Mai gida, tunda ni ka dahuwa, bari ni in riƙa yin bismillar, ladar ta same ni." Ya ce to. Ya tsoma. Ita kuwa ta gyara murya, ta ja bismillar nan kamar ladan yana kiran sallah daga nesa, tana lanƙwasa ta, tana hutawa a tsakiya. Kawu yana riƙe da zare, gumi na zuba, ba halin ya katse sunan Allah. Da ta kai ƙarshe ya ɗaga gishirin ya dube shi, ya ce, "Kulu, kin ci kofato. Daga yau ki bar mini ladar, ni na fi ki bukata."

Goro ma ya bar ci, shi da a da bakinsa ba ya rabuwa da ja. Amma bai bar karɓa ba. Duk suna, duk ɗaurin aure, yana sahun gaba, ya karɓi rabonsa ya kunsa a ganye. Ranar sunan ɗana na fari, a gidansa fa, mutane suka yi yawa goro ya kasa. Ina tsaye ina zufa sai na ji an ja rigata. Kawu ne. Ya kai ni bayan rumbu ya buɗe ƙunshi, ya ce, "Abdu, kada ka ji kunya gaban surukai. Ga goro, araha zan yi maka." Na duba, har da wanda na ba shi da hannuna da safen nan! Na ce, "Haba Kawu!" Ya ce, "Mi? Ka ba ni, ya zama nawa. Ni kau ba nawa ba ne, na Dikko ne. Biya."

Na biya. Me zan yi?

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne ranar kasuwar Filinge. Ko'ina a duniya wanda ake bi bashi ke ɓuya. Mu nan wanda ke bin bashin ne ke gudu. Dikko dogo ne, malafarsa tana fita sama da kan kowa, to da Kawu ya hango malafar sai ya ɗaga murya: "Dikko! Tsaya ka ji inda bashinka ya kwana!" Sai ka ga malafa ta nutse cikin taro. Wata rana muka same shi tsugune bayan raƙuman Bugaje, tsoho da shi, yana yi kamar yana duba ƙafar raƙumin da ba nasa ba.

Kawu ya ce, "Na gane ka. An samu ƙafa biyu na gaba."

Dikko ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Arzika, don Allah ka bar ni in ci kasuwa awa kowa. In na amshi biyan habbanaye, Fulani za su yi mini dariya har jikokina. A ce Dikko ya yi aro ya koma ciniki? Na yafe. Gaban mutane na ce na yafe!"

"Ban amsa ba."

Har gaban liman suka je, ni na raka su. Liman ya saurara, ya ce shari'a a fili take, in mai abu ya yafe, magana ta ƙare. Kawu ya ce, "Allah shi gafarta malam, ina da tambaya. In mutum ya ba ka kyauta, dole ne ka amsa?" Liman ya ce a'a, ba dole. Kawu ya ce, "To yafiya ba kyauta ba ce?" Liman ya dubi Dikko, ya dubi Kawu, ya ce lokacin azahar ya yi.

Kada ku ce kullum gaba abin yake yi. Duk shekara lanho, harajin Nasara, yana cinye akuya ɗaya ko biyu. In gardi, dogarin Nasara, ya fita da kuɗin, Kawu ya bi shi da kallo ya ce, "Ga wutsiya can ta tahi ganin kwamanda." Sannan aka yi shekarar fara. Lokacin awakin sun yi yawa, saura kaɗan su kai saniya, har ya fara zagaya shanu a kasuwa yana duba haƙora. Fara ta sauka ta bar gonaki kara tsirara. Da rani rumbunmu ya yi ƙasa, na maƙwabta ya riga ya ƙare. Ban ji ya shawarci kowa ba. Ya dinga jan awakin ɗaya bayan ɗaya, yana dawowa da hatsi a kan jaki, ana dafawa a babbar tukunya, yaran unguwa suna zuwa da ƙoƙunansu. Ranar da ta ƙarshe ta tafi, ya zauna kusa da turke ya ce, "Abdu, mun koma kofato." Washegari ya jiƙa kaba ya fara tufka.

Sai da gemunsa ya yi fari fat sannan kuɗin suka cika. Nan ma wani aikin! Ba kowace saniya ba, sai ja mai ƙahon hagu a lanƙwashe. Muka ci kasuwanni har dillalai suka san mu, suna cewa ga masu neman ƙaho nan. A kasuwar Bonkuku ta ƙasar Imanan muka same ta, da ciki. Dillali ya fara rage kuɗi saboda ƙahon, yana ba da haƙuri. Na ga Kawu yana so ya yi tsalle don murna, amma ya murtuƙe fuska ya ce, "Ai kau wanga ƙaho aibi ne babba. Ƙara ragewa."

Muka kai ta ruga. Dikko ya fito ya gan ta, ya shafa ƙahon. Sannan ya ce wa 'ya'yansa su maida wa Kaɗo dabbarsa. Kawu ya sake kai ta, aka sake dawo da ita. Saniyar nan ta yi zirga-zirga har ta koyi hanya, in an kwance ta sai ta tsaya a tsakiya tana kiwo, tana jira a gama gardama. Daga baya Kawu ya ɗaure ta a turke ya ce ajiya ce. Da ta haihu, ya hana kowa taɓa nonon, wai nonon mutane ne. Inna Kulu ta tatsa, ni in ɗauki ƙwarya in kai ruga. Ku ji fa! Magidanci da 'ya'ya, ɗauke da nono zuwa gidan Fulani. Matan ruga har fitowa suke yi su yi mini guɗa. Matar Dikko kuma ta karɓa, ta cika mini ƙwaryar da kindirmo, ta ɗora curin man shanu a kai. Kawu ya gani ya riƙe baki: "La ilaha illallahu! Wani bashin kuma?"

Gab da damina ciwo ya kwantar da shi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma kowa ya san da ruwan farko ya sauka Fulani za su kora shanu arewa, sai kaka. Kawu ya san ba zai ga kaka ba. Ya bar cin abinci, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki inda yake ganin turken. Na je ruga na gaya wa Dikko yadda ake ciki. Ya ci gaba da ɗaure kayan tafiya.

Da hantsi sai ga shi, shi ma da sanda yake dogarawa, ya zo da dattawan rugarsu biyu, waɗanda dariyarsu ce ya yi shekaru yana gudu. Ya gaida Kawu. Ya tafi wurin turke, ya durƙusa da ƙyar, ya kwance igiyar da hannunsa. Ya ce, "Ku shaida. Ni na ɗaure, ni na kwance. Arzika ya biya, na amsa."

Kawu ya ce, "Har da maraƙin."

"Har da maraƙin, Kaɗo mai taurin kai."

"To fita da ita in gani."

Ya ja ta ya fita, maraƙin na biye. Kawu ya bi su da ido har suka wuce dangar gida. Sannan ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Kulu, ɗauko gishirin nan. Tsinke zaren, ki jefa shi duka."

Ta jefa. Wallahi miyar ranar ba ta ciwuwa, harshe har ƙuna yake. Yara suka ture akushi. Kawu kuwa ya sa aka tada shi zaune, ya ci loma uku, ya lashe yatsa, ya ce, "Ashe haka miya take." Inna Kulu ta juya baya tana dariya, tana share ido da bakin zane.

Kafin ruwan farko ya sauka ya cika. Bayan sadakar uku, na fito da safe da tsintsiya a hannu, don na ga ba wanda zai share gindin turken in ba ni ba. Sai na tarar da jar saniyar nan ɗaure, Dikko na tsaye yana magana da Inna Kulu. Ya ce, "Kulu, wagga habbanaye ce, tsakanina da ke. In ta mutu ko ta ɓace, ba a biya. Kin ji?" Ta ce, "Na ji. Ni ba shi ba ce." Jajayen shanun da kuke gani a gidanmu yau jikokinta ne, kuma ita kanta Inna Kulu ta maida wa Dikko ita bayan haihuwa uku, ya karɓa ba gardama.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya sa ya tarar babu igiyar kowa a wuyansa. Allah ya jiƙan Inna Kulu da ta sha miyar lami ba ta yi yaji ba. Allah ya jiƙan Dikko, ya haɗa su a inuwa ɗaya, inda ba mai gudun wani. Amin.