Ƙanƙarar Yaya Sule

Duk wanda ya san Yaya Sule ya san yatsan nan nasa. Da ya ji iska na fita a wani wuri, ko tayar keke ce ta sace ko famfon feshi ne, sai ya tsaya cak, ya kara yatsa, ya ce, "Akwai ruwa a ciki!" Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, don haka ba wanda ya kai ni shan kunyar yatsan nan a kasuwar Bunkure.

Abin ya samo asali ne lokacin da ake haƙa magudanan ruwan Kadawa. Yana lebura, shi ke riƙe da injin fasa dutse mai aiki da iska. Ran nan da damina ya shigo gida yana haki, wai ya ga ƙanƙara ta fito a hancin injin da rana tsaka. Muka yi ta dariya. Iya, mahaifiyarmu, ce kaɗai ba ta yi ba. Sau ɗaya ta taɓa shan ƙanƙara, da aka kwantar da ita asibiti a birni, kuma ba ta daina zancenta ba.

"Sule, in da gaske kake, kawo min in sha kafin in mutu."

"Iya, na yi alkawari."

Shi ke nan, muka shiga uku! Da 'yan kwangila suka tashi, ya roƙi wani mataccen injin matse iska da suka yar, ya sa shanu suka jawo shi har ƙofar gida, ya raɗa masa suna Hajiya. Ga shi da maƙo, ko ƙusa ba ya saye. Wata safiya na nemi takalmina na roba, sai na gan shi a bakin bututun Hajiya, an yanka an toshe yoyo.

"Yaya, takalmina ne fa!"

"Talatu, ƙafa ɗaya na yanka. Ga ɗayar can, ba abin da ya same ta."

Da bazara Hajiya ta tashi. Ya gayyato Mai Unguwa da rabin gari, ya buɗe famfo. Wayyo! Iska ta fito da wata irin ƙara, tiyo ya ƙwace daga hannunsa yana ta bulala kamar maciji, ya ɗauke hular Mai Unguwa ya ɗora ta kan rumbu. Ƙanƙara kuwa ko ɗigo.

"Sule, ina ƙanƙarar?"

"Ranka ya daɗe, ai dai ka ga ƙarfi."

A ranar aka kori Hajiya daga unguwa, yara suka fara yi masa waƙa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne Iya, don jikinta ya fara yin nauyi, ko fita tsakar gida sai an riƙe ta. Ni kam tsoro ya kama ni, na ce ya je birni ya sayo mata kawai. Ya harare ni.

"Kafin in iso garin Kura ma ta narke. Laifina ne, Talatu. Iskar bazara busasshiya ce, me za ta haifa? Sai an matse ta da danshinta, a sake ta da gudu, sanyi ya kama ta."

Ya jira damina ta zauna. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ya kafa Hajiya a bakin magudana, ya ɗaure tiyo a jikin bishiya tamau, ya ɗauko Iya a amalanke. Mutane suka taru nesa nesa. Mai Unguwa ma ya zo, ya dafe hularsa da hannu biyu.

Ya buɗe famfo. Wani farin hayaƙi mai sanyi ya feso. Can sai Hajiya ta fara tari, ta yi fito ta ɗauke, ta sake yi, bututu na kakkarwa. Jama'a suka watse cikin shinkafa!

"Kada ku gudu! Ƙanƙarar ce ke shaƙe mata wuya!"

Wallahi da idona na gani: bakin ƙarfen ya yi fari fat. Ya kankaro da cokali, ya ruga, ya durƙusa gaban amalanke. Iya ta sa a baki, ta lumshe ido.

"Warin baƙin mai take," in ji ta. "Ta birni ta fi daɗi." Sai ta miƙa masa cokalin. "Ƙaro min."

Aka ɗau kabbara. Yaya Sule ya miƙe, hawaye shaɓe shaɓe, ya ɗaga wa duk garin yatsan nan: "Na ce muku akwai ruwa a ciki!"

Iya ba ta ga wata daminar ba, amma ta tafi da alkawarinta a cike. Yanzu shi ma ya bi ta, kuma ina kewarsa ƙwarai, har da yatsan. Allah ya jiƙan Iya. Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya sanyaya masa makwanci yadda ya sanyaya wa mahaifiyarsa baki. Amin.