Dogarin Baba

Ranar kasuwar Bawku ce, shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Ina tsugune a zaure ina ɓare gyaɗa, Baba yana ta fama da akwatinsa. A soja ya koyi aikin wayales, ya dawo da kwalaben rediyo cikin tsumma da kai wanda bai zauna daidai ba. Akwatin na ƙara murya ne, wani mai shanu ya sa shi haɗawa. Manyan kwalabe biyu ne a ciki, kowace da ragar waya siririya kamar rariya. Baba ya ce ragar nan ita ce mai rigima, in injin lantarki ya turo wuta da yawa sai ta ƙone. Shi ya sa ya dasa wata ƙaramar kwalba mai haske shuɗi-shuɗi, tana shanye rarar wutar. Ita yake kira dogari. Kullum yana ce mana, "In dogari na haske, lafiya lau ne."

Kawuna Salifu, ƙanen Inna, bai san wannan ba. Daga Yendi ya zo da doya. Baba ya zagaya bayan gida, Kawu ya leƙa akwatin ya ga shuɗin haske, ya ce gobara ce ta kama. A gidan ciyawa muka tashi, wanda ya ga wuta ba ya tambaya. Ya naɗe hannu da riga ya fizge dogarin. Ina kallo manyan kwalaben suka yi ja kamar garwashi, ɗaya ta fashe.

Baba ya dawo ya gani. Ƙarfen liƙi ya zaro daga murhu ya ɗora wa Kawu a kunci. Na ji ƙaurin nama. Inna ta shiga tsakani, ya make ta da kujera, hannunta ya karye. Sai da mahautan kasuwa suka zo suka danne shi, yana kuka yana kiran wasu sunaye da ba mu sani ba.

Kawu ya ce wa Inna ta zaɓa, ko shi ko Baba. Da hannu a ɗaure ta sa mu a lori zuwa Salaga wurin danginta. Ban sake ganin Baba ba.

Yanzu jikokina rediyo a aljihu suke yawo da ita, in ta lalace su jefar, ba mai ko tsaki. Ni da na koyi rubutu da furfura, sunan Baba na fara rubutawa. Har yau ban yafe masa ba, kuma ina kewarsa.