Akushin Kaka da Gwangwanin Warni

Shekaranjiya na bi ta layin kafintoci a kasuwar Malanbil, warin man da suke shafa wa katako ya buge ni, sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

Ina 'yar shekara tara ƙanin babana ya dawo daga Kwatano da sana'ar kafinta da wani gwangwanin mai. Shi warni yake ce masa, irin na Faransanci. Baƙonmu kuwa, wani ɗan kasuwa daga Kabi, ya rantse banish ne sunansa, wai daga Ingilishi aka sata. Kullum bayan la'asar sai sun yi wannan gardama, a banza.

Da gardamar kaɗai ce da sauƙi. Baba ƙarami bai bar komai ba. Ya shafe ƙyaure, ya shafe kujeru, har sandar kakanmu. Mako guda zannuwanmu suna mannewa duk inda muka zauna.

Da rani, lokacin cirar albasa, kakata ta tafi Garu gaisuwar mutuwa. Tana da baƙin akushi da ta gada wurin uwarta, wanda man shanu da hannuwan mata suka yi wa santsi. Ni baba ƙarami ya aika na ɗauko masa shi, wai zai shafa masa warni. Ni kuma na kai, da gudu ma!

Ranar da ta dawo aka tuƙa tuwon shinkafa aka zuba a ciki. Loma ɗaya kakanmu ya kai ya tofar, tuwo sai warin kananzir.

"Inna, gyara shi na yi," in ji baba ƙarami. "Dubi yadda yake sheƙi."

"Ya ce maka shina ciwo ne?" in ji Kaka.

Kwana uku ni da shi muna gurzar akushin da rairayin bakin kogi. Man ya fita, amma ya tafi da baƙin nan na shekaru. Itacen ya yi fari fat, kafin damina ya tsage. Kaka ba ta sake maganarsa ba. Hakan ya fi duka zafi.

Bara ɗiyata ta duba a wayarta, ta ce warni da banish tushensu ɗaya, wai ana zaton sunan wani tsohon gari ne a Libiya mai fitar da ƙaro.

Yanzu kuwa gado, tebur, har farcen 'yan mata, komai walƙiya yake yi. Ni dai in mai shago ya nuna mini abu mai sheƙi, juya shi nake yi in duba ƙarƙashinsa.