Tsingaro Goma Sha Tara

Ranar Talata ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Na fito alwalar asuba ba takalmi, sai na taka tsingaro, ya yanke ni a diddige. Karo na uku ke nan a wata ɗaya.

Tsingaron na mijina ne, Malam Haladu. Shekara talatin yana koyarwa a firamare, yana kuma rubuta waƙoƙin siyasa, waɗanda suka kwanar da shi a caji ofis sau biyu. Yana da aboki a Wusasa, Malam Yohanna, tun suna kwalejin horon malamai. Shi ya ba shi wani littafi, waƙoƙin wani mutumin ƙasar Girka da sojojin ƙasarsu suka tsare a tsibiri saboda alƙalaminsa. Wai in ya rubuta waƙa sai ya cusa a kwalba ya binne, don kada masu gadi su ƙona. Malam Haladu ya rungumi wannan ɗabi'a kamar gadon ubansa. Duk waƙar da ya ga ba ta faɗuwa yanzu, sai ya naɗe, ya zura a kwalba, ya liƙe bakin da kakin zuma, ya binne a tsakar gidanmu na Ƙofar Gayan. A kan kowace ya kafa gutsuren fasasshiyar tukunya don shaida. Na sha ce masa, shi Bagirke tsibiri aka kai shi, kai wa ya kai ka? Dariya kawai yake yi.

Mako biyu kafin ranar, ya rera wata waƙa a taro, kan filin makarantar unguwa da wani babban mutum ya yayyanka ya raba wa yaransa. Aka ɗauka a waya, ta zaga gari. Sau biyu ana aiko masa ya janye. Bai janye ba.

Ƙarfe bakwai ya fita dubiya. Ni kuwa raina a ɓace, diddige na zugi. Na bi tsingaron ɗaya bayan ɗaya na tumɓuke, goma sha tara, na zuba a shara. Ruwa ya riga ya daddale ƙasa, na bi ta da tsintsiya ta yi sumul. Na san abin da nake yi. Cewa na yi bari ya sha wahalar nema, ya san ƙafata ma tana da daraja.

Tara da kwata ya dawo, ya zauna a zaure da littafinsa, bai shigo ciki ba. Tara da rabi na ji babura. Ba biyu ba, ba biyar ba. Sai ƙarar adda ana jan ta a kan kwalta. Maƙwabciyarmu Goggo Ladi tana daka, taɓaryar ta tsaya cak. Wannan shirun ya fi baburan ba ni tsoro.

"Ina mawaƙin? A fito da shi!"

Malam ya danna sakata ya shigo da gudu. Ya ja ni zuwa katangar baya, wurin da ta zube, inda muke miƙa wa juna gishiri ni da Goggo Ladi. Ya ɗaga ni ya tura.

"Ki nufi gidan Yohanna. Kwalba ɗaya zan ɗauko, ina bayanki."

Na faɗa gidan Goggo, na miƙe, na leƙo ta kan katanga. Yana tsaye a tsakar gida da fartanya a hannu, yana juyawa. Ya dubi gindin lemo. Ya dubi bakin rijiya. Ƙasa fes, ba alama ko ɗaya. Sannan ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya durƙusa ya fara sara inda hannunsa ya kai.

"Malam, bar ta! Taho!"

Aka fara dukan ƙofar zaure da gatari. Na ƙirga bugu shida. A na bakwai Goggo Ladi ta fizge ni ta mayafi.

"Wuce, Asabe! Wuce!"

Muka ratsa gidaje huɗu ta ƙofofin baya. Mata na jan 'ya'yansu, kaji na tashi, wani tsoho na ta salati a kan tabarma ya kasa miƙewa. Goma saura muka kai ganuwa. Goggo ta shige gidan 'yarta, ni na wuce. Da na waiga na ga hayaƙi baƙi ƙirin daidai saitin unguwarmu. Ban ji harbi ba. Mutane na yawan tambayata, ban ji ba.

Na bi gefen gonaki, dutsen Kufena a gabana. Taɓo ya cire mini takalmi, yankan diddige ya buɗe. Duk mai farar riga da na hango a baya sai in tsaya in jira, ko Malam ne. Na tsaya ya fi sau goma. Sha biyu ta gota na shiga Wusasa.

Malam Yohanna yana gyaran shingen gidansa. Ya dubi ƙafata, ya dubi hanyar da na fito. Matarsa ta zaunar da ni ta wanke ciwon da ruwan gishiri, shi kuma ya hau babur ya fita. Bayan la'asar ya dawo, hula a hannu. A tsakar gida aka sami Malam, in ji shi, fartanya na gefensa. Ya haƙa rami biyar. Babu komai a ko ɗaya. Kafin magariba aka kai shi.

A gidan yayana na yi takaba. Da na fita na koma gida. Zaure ya ƙone, littafin Bagirken ya ƙone tare da sauran littattafansa. Tsakar gida kam ƙasa ce, wuta ba ta ci ba. Ban gaya wa kowa zancen shara ba sai Malam Yohanna. Ya ce ko da ya sami kwalbar da wuya ya tsira. Wataƙila. Amma ni ce na ƙirga bugun gatarin, kuma yanzu na san daɗewar da ciro kwalba ɗaya ke yi in mutum ya san wurinta. Ba ta kai bugu shida ba.

Kowace safiya in na karya kumallo sai in ɗauki fartanyar. Na sami goma sha ɗaya. Akwai ta 'yan fansho. Akwai ta famfon unguwa da aka yi bikin buɗewa bai taɓa ɗigo da ruwa ba. Akwai wadda damina ta shiga, tawadar ta narke, ba a gane ko baƙi ɗaya. Kowace na fasa sai in karanta a tsaye, in tambayi kaina ko dominta ya tsaya. Ba wadda ta nuna.

Saura takwas. Inda na ciro kowace, ina kafa tsingaro. Tsintsiyar tana jingine a bayan ƙofa tun ranar.