Tef ɗin da Baba ya miƙo mini

Babana kafinta ne, rufin gida yake yi. Ina aji huɗu a sakandare idonsa ya fara dushewa, kuma daga shi sai mu 'yan gida muka sani. In magana ta fita, wa zai ba shi aiki?

Wata Asabar ya kira ni rumfarsa a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya haɗa manyan alwatika biyu na katako, waɗanda za a ɗora wa kwano a gidan wani Alhaji a Daurawa. Dole su zo daidai da juna, shi kuwa lambobin tef sun daina fito masa.

"Uwata, duba mini," ya ce, ya miƙo tef ɗin awo.

Ni da rawar kai a lokacin! Satin nan aka koya mana cewa kusurwoyin alwatika in an tara su digiri ɗari da tamanin ne. Na ce, "Baba, ajiye tef, wannan tsohon yayi ne." Na ɗauko ma'aunin kusurwa na roba, na auna biyu a nan, biyu a can, suka yi daidai. Ta uku ko aunawa ban yi ba, lissafi ya ba ni ita. Na ce masa tagwaye ne. Ya yi ta dariya yana shi wa boko albarka.

Da aka hau da su sama, ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan taku guda. Alhajin ya tsaya gaban leburori ya ce, "Malam, in ba ka gani, ka faɗa mana mana." Kafin wata ya ƙare zancen ya zaga duk yankinmu na Tarauni, aiki ya ɗauke.

Baba bai taɓa cewa ni ce ba. Ko ga Inna.

Ranar Larabar da ta biyo bayan hawa da su sama, malamin lissafi ya ci gaba da darasi. Ya ce kusurwoyi kamanni kawai suke nunawa, ba girma ba, sai an haɗa da gefe ko da guda ɗaya. Na kifa kai a benci na yi kuka har ya zaci ciwo ne.

Yau shekara shida da rasuwarsa, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Gefe ɗaya kawai ya kamata in auna, kuma tef ɗin yana hannunsa yana miƙo mini.